Numfashin Inna a Tunis

Tun a filin jirgin Tunis na san an yi mana sakiyar da ba ruwa. Alhaji Sallau, dillalin nan mai shirya wa marasa lafiya tafiya waje, ya zaunar da mu a bironsa, wato ofishinsa na Yamai, ya cika mu da romon baka. Wai mace ce za ta tarbe mu, Bahaushiya ƴar Damagaram. Wai masaukinmu yana jikin asibiti, in ka yi tari likita zai ji ka. Wanda muka tarar wani dogon mutum ne mai warin taba, na yi mishi sallama ko ɗaga kai bai yi ba. Ya fizgi jakarmu ya yi gaba yana waya, ya bar ni da tsohuwa mai ciwo cikin wani sanyi da ban taɓa jin irinsa ba.

Sunana Saratu, malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, a Tasawa. Tsohuwar kuma uwata ce, Inna, mutuniyar Tchake, wadda kafin wannan ciwo iyakar tafiyarta Maraɗi. Ciwon daji ne ya kama ta a nonon hagu. Ta ɓoye shi har sai da ya ƙi ɓoyuwa, likitocin gida suka ce sai an cire. Ƙanena Mamman Sani, mai shago a kasuwar Tasawa, shi ya dage a fita da ita waje. Da aka zo kan wanda zai raka ta, duk suka juyo suka dube ni, don ni ce mace, ni ce kuma mai jin faransanci. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa ni ce ɗiyar fari.

Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da nake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta cin abinci in ina kallo, ba ta dariya in ina wurin. Ana yaye ni aka kai ni garin Sarkin Hausa wajen kakata, can na girma. A danginmu da alfahari ake faɗa cewa kunyar Inna ta kai inda ko goyo ba ta taɓa yi mini ba, nono ma sai an yi mata faɗa take ba ni. Tun ina ƙarama nake jin wannan yabo, ana yi ana dubana, kamar ni ma sai na ce madalla. To ga shi an haɗa ni da ita an tura ƙasar da ba ta da kowa sai ni.

Abu ɗaya ta roƙa kafin mu taso, kuma ba ni ta roƙa ba. Ina tsaye ta dubi ƙanena ta ce, “Mamman Sani, ka ji ni da kyau. Kada a rufe ni cikin mutanen da ban sani ba. A maido ni Tchake.” Ya ce in sha Allahu, ya koma shagonsa. Alkawarin shi ya ɗauka, nauyin kuma a kaina aka ɗora.

Masaukin da dogon mutumin ya kai mu yana can ƙarshen gari, a saman wani tsohon bene mai matakala kamar ba za ta ƙare ba. Inna tana hawa tana tsayawa. Na miƙa mata hannu, ta yi kamar ba ta gani ba, ta dafa bango. Muna tsakiyar hawa wata tsohuwa Balarabiya ta buɗe ƙofarta, ta ga halin da ake ciki, ta fito ta kama ta. Wallahi nan take Inna ta ba ta hannu, har da jingina. Na biyo su a baya da jaka, raina yana tafasa. Hannun matar da ba ta taɓa gani ba ya fi nawa halatta.

Amma ita tsohuwar Balarabiyar, Allah ya saka mata da alheri. Ba ta jin faransanci sosai, mu ba ma jin larabcinsu, abin da ya haɗa mu sallama ce da alhamdulillahi. Da yamma ta hawo mana da miya mai zafi da burodi, ta ga bargonmu ba shi da kauri ta koma ta kawo nata. Inna ta ɗanɗana miyar ta ajiye. Fura take so, a garin da ko gero ba su sani ba. Na dama mata kunu da garin da muka zo da shi, na ajiye, na fita bakin matakala na tsaya cikin sanyi don ta samu ta sha.

Dogon mutumin kuwa daga ranar ya yi ɓatan dabo. Wayarsa a kashe. Na kira Alhaji Sallau a Yamai, ya ce, “Haƙuri, Madam, ai duk an shirya komai.” Na ce, “Alhaji, me aka shirya? Ina ƴar Damagaram ɗin? Ina asibitin da ke jin tari? Uwarka za ka kai saman benen nan?” Ya ce layin ba ya da kyau, ya katse. Allah ya isa tsakanina da shi, har gobe ban yafe ba. Ni na nemo asibitin da bakina. Wani mai taksi ya gane baƙi ne mu, ya riƙa zagaye da mu har na ga masallaci ɗaya ya sake wucewa, na buga mishi tsawa da faransancin da nake yi wa ƴan aji in sun ishe ni, sai ga hanya ta miƙe.

Asibitin dai ba ni da abin faɗa a kansa, sun karɓe mu da mutunci. Aka yi gwaje-gwaje, aka sa rana, aka yi aiki. Likita ya fito ya ce an cire nonon da ƴan ƙulluttan da ke hammata, aiki ya yi kyau. Na yi sujada a nan kan dandamalin. Na ɗauka an gama da mai wuya.

Da Inna ta farfaɗo, ga bandeji a ƙirji, ga wata ƴar roba ta fito daga gefenta tana zubar da ruwan ciwo cikin kwalba. Anfirmiya, ma'aikaciyar jinya, ta zo ta ce in tambaye ta ko tana jin zafi. Na tambaya. Inna ta dubi rufin ɗaki ta ce, “Lafiya lau, alhamdulillahi.” Ni kuwa ina kallon ƴan yatsun ƙafarta sun lanƙwashe, gumi yana tsattsafowa a goshinta cikin wannan sanyi. Na ce wa anfirmiyar tana jin zafi, ba za ta faɗa ba ne. Matar ta sunkuya ta nuna ƙirjin da hannu, ta ɓata fuska tana tambayarta da alama. Inna ta yi mata murmushi ta girgiza kai. Sai matar ta dube ni kamar ni ce mai neman tashin hankali, ta ce ba a ƙara wa mutum magani bisa ciwon da shi ya ce babu.

Haba! Ta ina zan fara yi mata bayani? In ce mata a wajenmu macen da ta yi nishi a kan gwiwa har ta tsufa ana yi mata gori? Inna ta haife mu duka ba wanda ya ji ko uhm ɗinta, kuma da wannan ake yabonta. Dabararta ɗaya ce: in zafi ya taso sai ta cije, ta riƙe numfashi har ya wuce. Abin da ta zo da shi Tunis ke nan. Tana shan iska kaɗan-kaɗan a saman ƙirji, kafaɗu a ɗage har kunne, tari ya zo ta haɗiye shi. Ga rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya ta hana ta sakewa. Ina fita alwala ta jawo zanenta ta yi ɗaurin ƙirji a kan bandejin, ta ja shi tamau, don kada a ga inda ya shafe.

Ana haka aka turo mana Madam Salwa. Ita ce suke kira kine, mai koya wa waɗanda aka yi wa aiki motsa jiki da numfashi. Gajeriya ce mai fara'a, ta shigo tana “Maman, maman,” wato uwa da faransanci. Ta ce in fassara. Wanda aka yi wa aiki a ƙirji, in ji ta, tsoron zafi yana sa shi ya rage numfashi, jiki ya ƙage, ƙagewar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara tsoro. Maganinsa a zauna a jingina, a sauke kafaɗu, a ja iska ta hanci a hankali har ciki ya taso, a ɗan tsaya, a sake ta ta baki a hankali, kamar mai hura kunu mai zafi. In tari ya zo a rungumi matashi a gefen ciwon a bar shi ya fito. Ba sau ɗaya ba, a yi ta yi cikin yini, a huta a sake. Ta yi a gabanmu, fuuu, har ana jin fitar iskar.

Sai ta ce ita tana da marasa lafiya da yawa, ni ce kullum a nan, don haka ni zan riƙa yi da ita. Ta kama hannuna za ta ɗora a cikin Inna don in ji yana tasowa. Kafin hannun ya sauka Inna ta ja bargo har wuya, ta juya fuska bango. Madam Salwa ta ce, “Me ya faru? Ba uwarki ba ce?” Na ce uwata ce. Ta ce, “Kun yi faɗa ne?” Na ce ba mu taɓa yin faɗa ba. Gaskiya na faɗa mata, ai sai da magana ake faɗa.

Muka gwada in fita in bar su su biyu. Inna ta ja sau ɗaya, zafi ya soke ta, ta tsaya, ba mai yi mata bayani da Hausa cewa haka farkon yake. In na shigo akwai Hausa amma ba numfashi, don ba za ta buɗe baki tana fuuu a gaban ɗiyar fari ba. Madam Salwa ta kwance mata ɗaurin ƙirjin, tana fita Inna ta mayar. Na roƙe ta. Na lallashe ta. Na ce Inna don Allah don Annabi. Ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Sai zazzaɓi ya shigo. Aka tura ta hoton ƙirji. Likita ya kira ni gefe, ya nuna mini wani wuri fari-fari a ƙasan huhu, ya ce nan iska ba ta isa, majina ta taru, ya fara toshewa. Za su ba ta magani, amma magani ba zai yi mata numfashi ba. In bai buɗe ba sai ɗakin da ake jona wa mutum na'ura, kuma a shekarunta ba ya son a kai can. Bai ce mutuwa ba, amma na ji ta. Ta tagar ɗakin Inna ana hango wata maƙabarta a kan tudu, fararen kaburbura a jere, tun da muka zo nake kauce wa kallonta. Ran nan na tsaya na kalle ta sosai.

Na kira Mamman Sani na gaya mishi komai. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, wani yana tambayar sukari. Ya ce, “Yaya, ke ma kin san Inna. Ki bi ta a hankali mana. Ke dai zafin zuciya gare ki.” Ni! Ni ce mai zafin zuciya! Ya ce in ba shi ita. Na sa mata wayar a kunne, sai ga muryar Inna ta yi laushi. “Mamman Sani, kai ne? Lafiya lau, Mamman Sani, na ji sauƙi ƙwarai. Kada ka damu kanka. Ka ci abinci?” Tana magana tana haki, tana kiran sunansa kamar tana shan zuma.

Ban san lokacin da na fizge wayar na kashe ba. Zuciya ta ɗebe ni. Abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na tsaya a kanta na ɗaga murya.

“Inna, yau sai kin ji. Kunyar me kike ji? Wa ke nan da zai yaba miki? Mutanen Tchake suna can, ba wanda ya biyo ki! Ni ce na bar ɗiyana da ajina na zo ina hawa bene ina zagin masu taksi. Ni nake zubar da tasar fitsarinki. Kin ce a maida ke gida, ga maƙabarta can, ki leƙa ki gani, can za su sa ki in kin ƙi yin numfashi. Ni kuma in koma in ce me? In ce kunyata ta kashe ki? Ba ki goya ni ba, na haƙura. Ba ki kira sunana ba, na haƙura. Yanzu kuma gawarki za ki ɗora mini?”

Matar da ke ɗaya gadon da masu dubiyarta duk suka zuba mana ido, ba su ji ko kalma ɗaya ba amma sun gane. Inna tana zaune a bakin gado, don anfirmiya ta hana ta yawan kwanciya, fuskarta a bango. Ko motsi ba ta yi ba. Can ta ce, da bango take, “A gaya wa mai magana ta rage murya. Akwai mutane.”

A gaya wa! Wa zai gaya mini? Duk faɗin ƙasar mu biyu ne masu jin Hausa. Na fita na bugo ƙofa.

Na yi ta tafiya a farfajiya ban san inda za ni ba. Aka kira la'asar daga wani masallaci, muryar ladanin ta tuna mini da unguwarmu a Tasawa, lokacin da ake tashi daga lakwal yara suna ta gudu. Na yi kuka har na gode Allah. Amma baƙo ba shi da inda zai yi fushi ya tafi. Na wanke fuska na koma.

Na tarar masu dubiya sun ɗauke kujerata. Ban da ƙarfin tambaya, kuma ba na son ganin fuskar Inna. Sai na zauna a ɗaya bakin gadon, na ba ta baya, ina fuskantar ƙofa. Gadon ƙarami ne, bayana ya taɓa nata. Na jira ta matsa, ba ta matsa ba, wataƙila ba ta da ƙarfin matsawa. Ƙirjina kamar an ɗora dutse, har wani jiri nake ji. Don kaina, wallahi ba don ita ba, na tuna abin da Madam Salwa ta nuna. Na sauke kafaɗu, na ja iska ta hanci har cikina ya taso, na sake ta ta baki. Na sake yi. Na yi ta yi, nauyin ƙirjin ya fara raguwa.

Sai na ji wani abu a bayana. Haƙarƙarin Inna ya buɗe kaɗan, ya tsaya, ya koma. Na ɗauka kuskure ne. Na ja a hankali, nata ya biyo. Na sake, na ji wata ƴar siririyar iska tana fita a can wajen bango. Ban juya ba. Na san in na juya an gama. Idona a kan ƙofa, hawaye yana zuba, na ci gaba da ja ina sakewa, tana biye da ni.

Da muka ɗan jima na ce bari in gwada irin maganarta. Na dubi ƙofa na ce, “Da za a kwance zanen nan, da iska ta fi shiga.” Can na ji motsin hannu, na ji ɗaurin ya saki. Na ce wa ƙofa, “In tari ya zo, akwai matashi a gefe, a rungume shi.” Tari ya zo. Ta rungumi matashi ta yi shi, wani irin tari mai nauyi daga can ƙasa, kuma tare da shi nishi ya fito, dogon nishi mai zafi. Na ji shi a ƙashin bayana kafin in ji shi da kunne. Ban taɓa jin muryar ciwon uwata ba sai ran nan.

Da ta huce ta ce wa bango, “A gaya wa mai fararen kayan nan ta kawo maganin. Akwai zafi.”

Na tashi da gudu har ina tuntuɓe. Anfirmiyar ta zo ta tambaye ta da alama, wannan karon Inna ta gyaɗa kai.

Haka muka koma yi. Bayan asuba, da hantsi, bayan kowace salla, da duk lokacin da na ga kafaɗunta sun fara hawa. Ba ta kirana. Sai dai ta tashi zaune ta juya bango ta bar wuri a bayanta. Ni kuma in zauna ina ba ƙofa umarni. Madam Salwa ta shigo ta same mu haka, ta tsaya riƙe da ƙugu, ta ce ita dai tun da take aiki ba ta taɓa ganin wannan salo ba. Ta sa hannu a haƙarƙarin Inna ta saurara, ta ce kada mu canza komai. Daga baya ta ƙara mana ɗaga hannu a hankali da juya kafaɗa, su ma da bango da ƙofa aka koye su. Zazzaɓin ya sauka. Aka sake hoto, likita ya nuna mini wurin ya washe. Aka cire robar, aka sallame mu muka koma masauki, aka ce sauran magani a Yamai za a ci gaba da shi.

Kada a ɗauka na huce. Ina numfashi da ita ina jin haushinta. Sau da yawa ina zaune a bayanta ina tsara baƙaƙen maganganun da zan gaya wa Mamman Sani. Abin dai da na lura, ba a iya jan iska har ciki a kuma riƙe zagi a baki lokaci ɗaya, dole ɗaya ya jira.

Ranar da za mu taso sai ga dogon mutumin nan ya ɓullo, har da murmushi. Wai Alhaji Sallau ya ce a ɗauki Inna a waya tana godiya, don a nuna wa masu son zuwa. Na ce ya kunna, ni zan yi godiyar. Ya kunna. Na dubi wayar na faɗi sunana da garinmu, na fara da benen, na bi da ƴar Damagaram da ba a haifa ba. Ban kai rabi ba ya gane ba godiya ba ce, ya kashe ya nufi matakala. Tsohuwar maƙwabciyarmu tana bakin ƙofarta tana dariya, ba ta san me na ce ba. Muka mayar mata da bargonta, Inna ta ba ta sauran garin kunun, suka rungumi juna ta gefen da ba ciwo.

Daga Yamai muka shiga kar, babbar motar fasinja, muka kwana biyu a Tasawa ta huta, sannan muka bi ta Mayahi zuwa Tchake. An riga an girbe gero, ko'ina kara. Tun daga bakin gari mata suka biyo motar. Inna ta sauka da ƙafarta, ta shiga gidanta da ƙafarta.

Gida ya cika da masu barka. Ina gefe ina zuba ruwa, ina jin Inna tana ba da labari. Mamman Sani ya yi ƙoƙari. Mamman Sani bai bar kiran waya ba. Allah ya yi wa Mamman Sani albarka. Ta yabi likita, ta yabi gajeriyar mai koya numfashi, ta yabi tsohuwa mai bargo. Wata gwaggona ta ce, “To ita wadda ta raka ki fa?” Inna ta sunkuyar da kai ta gyara zane. Mata suka fashe da dariya, gwaggon ta ce, “Kai, wannan kunya! Ai ko goyo ba ta taɓa yi mata ba.” Aka sake dariya, ana dubana.

Na ajiye butar. Na shiga ɗaki na haɗa kayana, na aika a kira mini kabu-kabu ya kai ni Mayahi. Na ce na cika alkawarin da ba ni na ɗauka ba, ga ta a Tchake, sauran ya rage nasu. Mata suka watse da azahar. Mai babur ya iso yana ta oda a ƙofar gida. Na leƙa ɗakin Inna daga bakin ƙofa na ce, “Na tafi.”

Tana zaune a kan tabarma. Hayaniya da dogon zama sun gajiyar da ita, kafaɗun sun hau har kunne, tana shan iska kaɗan-kaɗan. Ta juya a hankali ta fuskanci bango, ta matsa gaba, ta bar wuri a bayanta.

Na tsaya da jaka a hannu. Wallahi na so in tafi. Na ajiye jakar da ƙarfi don ta ji, na zauna, na ba ta baya. Na ja, ta ja. Na sake, ta sake. Muka yi ta yi har na ji kafaɗunta sun sauka.

Sai ta yi magana, ƙasa-ƙasa, da bangon ɗakinta.

“Masu cewa ba a goya ba, ai gona suke tafiya. In gida ya watse ana goyawa. Har a yi daka da ita a baya, ta yi barci, ba a saukewa sai an ji muryar masu dawowa.” Ta ja numfashi, ta sake shi a hankali. “Ranar da aka tafi da ita Sarkin Hausa, zanen goyon a ƙarƙashin gadon nan aka sa shi. Ba a goya kowa da shi ba.”

Ban juya ba. Numfashina ne ya sarƙe, na kasa ja, na kasa sakewa. Sai na ji bayanta ya buɗe sosai, ya tsaya yana jirana, ya sauka a hankali. Ta sake yi. A na gaba na bi ta.

Mai babur ya ƙara danna oda. Na ɗaga murya daga inda nake na ce ya tafi, sai gobe.